Rumbun Nababa

A Tudun Gawo, wani ɗan ƙauye da ke gefen ruwan Watari a ƙasar Bagwai, idan ka tambayi yaro wane ne ya fi kowa kyauta a garin, ba zai yi dogon tunani ba, zai ce maka Nababa. Idan ka ce ya raka ka ku gaisa, nan ne zai fara sosa ƙeya, don bai taɓa ganinsa ba. Uban yaron ma bai taɓa ganinsa ba. Rabon Nababa da taka ƙasar garin tun ana yaƙin basasa, amma duk marka, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo kuma bai nuna ba, gidaje da yawa tuwonsa suke ci.

Cikin waɗanda suka rage, wanda ya san Nababa ido da ido shi ne ƙanensa, Baba Shago. Labarin nan ma na Shagon ne, ko da yake in ka tambaye shi cewa zai yi ba shi da wani labari, shi ɗan aike ne kawai.

Baba Shago gajere ne kakkaura, mai murya kamar yana kiran wani daga ƙarshen gona ko da kuwa kana zaune a tabarmarsa. Ya haura saba'in. Abu biyu aka san shi da su ban da rumbun wansa. Na farko, ba ya shiri da jaki. Manomi ne da bai taɓa ajiye jaki ba, takinsa a ka yake kai wa gona har Allah ya kawo zamanin amalanke, in kuma an tambaye shi dalili sai ya ce jaki dabba ce marar tarbiyya. Na biyu, yana yaro kura ta taɓa cizonsa ya tsira. Tabon yana wurin da ba a nuna wa jama'a, wurin da mutum ke zama a kai, saboda haka shaidar matarsa Elizabet kowa ya dogara da ita, ita kuwa ta tabbatar haƙoran manya ne. Yaran garin, Musulmi da Kirista, da wannan labarin suka tashi.

Gidan su Shago gidan Maguzawa ne na asali. A tsarinsu kowa na aiki a gandu, babbar gonar gida, amma duk namijin da ya isa riƙe garma ana yankar masa ɗan fegi nasa na kansa, gayauna, yana shiga da yamma ko ranar hutu, abin da ya samu kuma ya zuba a rumbunsa. Gayaunar Nababa tana kan tudu, ƙarƙashin wani babban gawo. Sai dai shi Nababa hankalinsa ba a kan garma yake ba, a kan doki yake. Gidansu ko akuya sai an ƙirga, balle doki, amma yaron ya kan wuni a bargar dagaci yana yankan ciyawa kyauta don a bar shi ya riƙe linzami. Da ya girma ya tafi Kaduna, aka ji ya shiga soja, aka kuma ji an ba shi kula da dawakin bariki. Ya aiko da hoto guda ɗaya: yana bisa wani doki baƙi mai fararen ƙafafu, irin wanda ake kira danda, ya miƙe wuya kamar shi ya sayi dokin. Tun daga ranar garin ya sa masa sojan doki.

Aka fara yaƙi, aka kai shi kudu. Da aka gama, wani ma'aikaci ya zo gidan dagaci da saƙo da jakar soja, a ciki takalma da kwano da 'yar riga. Ya ce Nababa ya rasu. Mahaifinsu ya riga ya mutu tun kafin nan, saboda haka uwarsu, Inna Tabawa, aka kira. Ta juya takalman, ta duba ƙasansu, sannan ta tambayi mutumin abu ɗaya:

"Wa ya zuba masa ƙasa?"

Mutumin ya ce shi dai aiko shi aka yi, bai sani ba. Inna Tabawa ta ce to ita ma ba ta sani ba, kuma takalmi ba mutum ba ne, ba za ta zauna makoki a kan takalmi ba. A wurin mutanenta, ba a kuka ga wanda ba a san ya kwanta ba, ba a raba gonarsa, ba a sauke jinkar rumbunsa. Ta ce a ci gaba da noma gayaunar Nababa. Kuma da yake shi ne babba, in ruwan shuka ya sauka, tasa za a fara shukawa kafin ta kowa. Aikin ya faɗa kan Shago, lokacin bai fi ɗan shekara goma sha biyar ba.

Shekarun farko haka aka yi ta zuba gero a rumbun ana rufewa, ƙwari suka samu gidan da ba mai korarsu. Sai aka yi shekarar fari, wadda tsofaffi har yau ba sa son tuna ta. Inna Tabawa ta tsaya gaban rumbun ta daɗe, sannan ta ce in Nababa ya dawo ya ji an bar maƙwabta da yunwa alhali rumbunsa a cike, faɗa zai yi. Ta sa Shago ya hau ya miƙo. Duk wanda aka auna wa sai ta ce, "Nababa ne ya ba ka." Daga nan abin ya zauna. Ba a tambayar mutum addininsa, ba a cewa ya mayar, abu ɗaya ne sharaɗi: kada ka gode wa Shago. In ka kuskura ka gode masa, zai daka maka tsawa ya ce shi ya gaya maka nasa ne?

Da ciwon ajali ya kama ta, ta kira Shago ta riƙe masa wuyan hannu. Ta ce ya riƙe gayaunar nan har sai mai ita ya dawo, ko kuma wanda ya zuba masa ƙasa da hannunsa ya zo ya faɗa. Shago ya ce to. Ita ke nan kalmar, to. Ya kan ce bai taɓa sanin ƙaramar magana tana da nauyi haka ba.

Abubuwa da yawa sun wuce ta kan wannan to ɗin ba su motsa ta ba. Shago ya karɓi baftisma, aka ba shi wani suna da ko fasto ya manta da shi. Fastoci uku a jere sun ba shi shawarar a yi addu'ar tunawa a rufe maganar, ya ce addu'a ya yarda, a yi ta kullum ma, amma makoki sai da shaida. Liman ya ce masa mutumin da ya ɓace haka ai akwai iyakar jira, ya ce ya gode, amma Inna ba ta faɗi iyaka ba. Aka zo aka gina madatsar Watari, ruwa ya cinye tsohon garin da bargar dagaci da rabin gandu, aka tashi mutane suka warwatsu, wasu suka hau tudu suka kafa garin yanzu. Ruwan ya zo har gindin tudun gayaunar ya tsaya. Injiniyoyi suna da nasu bayanin, amma Shago bai nemi jin sa ba.

Shaidu kuwa sun zo, ba a ce ba su zo ba. Labarin rumbu yana tafiya, kuma tsofaffin sojoji, da waɗanda suka taɓa wucewa ta ƙofar bariki, ba su yi ƙaranci a ƙasar nan ba. Shi ya sa Shago ya ɓoye hoton nan a ƙasan adakar Elizabet, ya kuma tanadi tambaya guda: wane irin doki ne ɗan'uwana ya mutu a kai? Wani ya zo ya kwana uku yana cin tuwo da miyar kuka yana sharar hawaye, da aka tambaye shi ya ce fari ne sol. Aka raka shi bakin hanya. Wani ya ce ja ne. Wani kuma ya fi su dabara, ya ce ai Nababa bai mutu ba, ya gan shi a Kamaru da mata uku da shagon sayar da taya. Shago ya ce mata ukun ma ya fi yarda da su a kan shagon, don Nababa ko kwandon gyaɗa aka ba shi ya sayar sai ya rabar.

Shi dai a ransa, da a bakinsa, Nababa yana kan danda. Da yamma in yara sun taru ya kan ba su labarin yadda dokin ya ƙetare kogin Kwara da iyo, da yadda yake jin ƙamshin harsashi tun kafin a harba. Ba wanda ya tambaye shi inda ya samo wannan, shi ma bai tambayi kansa ba.

To amma gwiwa ba ta san alkawari ba. A 'yan shekarun nan Shago ya kai inda in ya sunkuya da sungumi sai an taimaka masa ya miƙe. 'Ya'yansa biyu, Reuben da Levi, sun yi iyali, kuma ƙasa a wajenmu kowa ya san yadda take: gona na jikin gona, iyaka na jikin iyaka, abin da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke kallo. Rabon da ya zo hannun kowannensu in ka shimfiɗa tabarma biyu ka kusa rufe shi. Gayaunar Nababa kuwa ita ce ƙasa mafi kyau da ta rage wa gidan. Yaran ba marasa kunya ba ne, ba su taɓa cewa a ba su ba. Su ne ma suke yin noman firi da maimai a cikinta in uban ya gaza. Amma Reuben yana da bakuna bakwai a gida, kuma shekara biyu a jere matarsa ta je da ƙwarya an auna mata daga rumbun Nababa kamar kowa. Shago ne ya auna, kuma bai iya kallon fuskarta ba.

Elizabet kaɗai ya gaya wa abin da ke cinsa. Ya ce in ya sake gonar ya ba yaran, ya karya maganar Inna, kuma bai san da wace fuska zai same ta ba. In kuma ya riƙe wuyan hannun Reuben ya ɗora masa abin da aka ɗora masa, ya ɗaure yaro da igiyar da shi ya san zafinta, a kan mutumin da yaron bai taɓa gani ba. Waɗanda suka yi yaƙin nan kuwa kullum raguwa suke. Elizabet ta ce ya bar wa Allah. Ya ce ya bar masa tun tuni, shi dai yana tuna masa ne.

Ana nan, cikin markar bara waccan, matar maƙwabcinsa Kamilu ta haihu. Zulaihatu sunanta, 'yar Zakirai ce, kuma danginta suka ce za su zo suna da mota guda. Shinkafar Kamilu ta bakin ruwa ba ta isa yanka ba, rumbunsa kuma ya ga ƙasa. Bai ma buɗe baki ba, Shago ya aika masa da abin da zai fita kunyar baƙi.

Cikin baƙin akwai kakan Zulaihatu, Malam Muhammadu Sani, tsoho dogo siriri mai makarantar allo a Zakirai, yana ɗingisa ƙafa ɗaya. Bayan an raɗa suna aka kawo fura. Malam ya kurɓa, ya tsaya, ya sake kurɓa, ya ce wannan geron tsohon iri ne, rabonsa da jin irinsa tun yana saurayi, ina aka samo? Kamilu ya ce ai Nababa ne ya bayar. Malam ya ce to lallai kafin su juya a kai shi ya yi wa wannan bawan Allah godiya. Mutanen gari suka kwashe da dariya, baƙi suka tsaya suna kallonsu. Kamilu ya yi bayani a taƙaice: wani sojan doki ne, Bamaguje, da ya tafi yaƙin basasa bai dawo ba.

Waɗanda ke kusa sun ce Malam ya ajiye ludayin a hankali kamar zai fashe. Ya tambaya ko nan ƙasar Watari akwai wani tsohon gari da ruwa ya ci. Aka ce akwai. Ya ce a ba shi sandarsa.

Sun sami Shago a ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya yana gyaran ƙotar fartanya. Rabin 'yan suna sun biyo baya. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da damina, Malam ya zauna, ya ce shi tare suka yi soja da Nababa, kuma yana wurin ranar da ya rasu. Shago bai ko ɗaga kai ba. Ya ji irin wannan buɗewar sau da yawa. Ya ce madalla, sannu da ƙoƙari, to wane irin doki ne ya mutu a kai?

"Babu doki," in ji Malam.

Shago ya ɗago.

Malam ya ce dawakin ai a Kaduna aka bar su. Da yaƙi ya tashi, su da ke barga aka mayar da su rundunar motoci masu sulke, aka koya wa Nababa tuƙi. Ya ce ƙasar can daji ne da ruwa da ƙudan tsando, doki ba zai yi wata guda ba. Nababa direba ne har ranar da ya rasu.

Wanda ya ce fari da wanda ya ce ja aƙalla sun kawo doki. Wannan kuwa ya zo gaban yara, gaban jikoki, ya kwance dokin gaba ɗaya. Shago ya mayar da ido kan ƙotarsa, ya ɗaga murya ya ce uwar Levi ta kawo wa baƙo ruwa, da alama rana ta taɓa shi, in ya sha kuma Kamilu ya mayar da shi wurin suna kada a cinye naman ba shi.

Malam bai yi gardama ba. Ya dafa sanda zai tashi ke nan sai ga wani jaki da kayan ciyawa ya biyo ta jikin katanga. Shago, ba tare da ya san ya yi ba, ya ja kujerarsa ya koma bayan darbejiya, kamar yadda yake yi tun kafin a haifi yawancin waɗanda ke wurin. Malam ya bi shi da kallo, ya koma ya zauna.

"Ashe har yanzu ba ku shirya ba," ya ce. "Kai ne Shago ke nan. Ya ce mini haƙoran sun zauna sosai."

Daidai lokacin Elizabet ta fito daga zaure da kwanon ruwa.

Malam ya juya ga jama'a ya ba da labarin yadda ya ji shi, ba sau ɗaya ba, a bakin Nababa. Wai ƙanensa yana ɗan shekara tara ya ga wansa na hawan dokin dagaci, shi ma ya ce sai ya hau wani abu. Ya saci jiki ya kwance jakin wani mai tallan gishiri da ya sauka a garin. Jakin ya kayar da shi, bai kuma tsaya nan ba, ya bi shi ya kama inda ya samu. Nababa ne ya tsince shi a bayan gari yana kuka, ba don ciwon ba, don dukan da zai sha da dariyar da za a yi masa. Shi ya wanke masa, ya goya shi, kuma a hanya shi ya ƙirƙiro kurar, har ya koya masa yadda zai kwatanta idanunta.

"Maigida," in ji Elizabet, kwanon yana hannunta, "shekara arba'in da wani abu ina ba da shaida a kan kura."

Shago ya ce jakin babba ne. Ya ce wanda bai gan shi ba ba zai gane ba. Jama'a suka fashe, Reuben ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Shi ma Shagon ya fara dariya, sai dariyar ta juye masa kuka, ya sa hannun riga ya rufe fuska. Mutum biyu ne kawai a duniya suka san maganar jakin nan, kuma shi bai taɓa gaya wa kowa ba.

Kamilu mai hankali ne, ya kora jama'a suka koma wurin suna. Aka bar tsofaffin biyu da Elizabet da yaran gidan.

Malam ya ce Nababa ya riƙe motar nan kamar doki. Da asuba zai goge ta, ya dafa mata wuya, in ta ƙi tashi ya yi mata magana a hankali, in wani ya buge ta da ƙafa su yi faɗa. Ya ce bai taɓa ganin sojan da abincinsa ke ƙarewa da wuri kamarsa ba, don duk ƙauyen da suka shiga sai ya rabar wa yara. Kirsimeti ta wuce, kowa na jin ƙamshin ƙarshen yaƙi, suna kan wata hanya a ƙasar Owerri aka tare ta da gungumen itace. Nababa ya sauka zai duba. Harbi ɗaya ne daga cikin daji. Bai wahala ba, kafin Malam ya kai gare shi ya cika. Ba a daɗe ba aka ce an gama.

Shago ya ji duk wannan kansa a sunkuye. Sannan ya yi tambayar da aka bar masa.

"Wa ya zuba masa ƙasa?"

"Ni."

"Da hannunka?"

Malam ya miƙa hannuwansa biyu, busassu, masu tabon tawada. Ya ce an so a wuce a bar wa na baya, ya roƙi mai gidansu, hafsan rundunar, ya ba shi lokaci. Bai san yadda mutanen Nababa ke binne nasu ba, sai ya yi yadda ya iya: ya wanke shi, ya naɗe shi da bargo. Yana cikin haƙa da ɗan shebur sai ga wani dattijo ɗan ƙasar ya fito daga bayan wata makaranta da fartanya, duk ya rame, ba ya jin Hausa, shi kuma ba ya jin nasa yaren. Dattijon ya shiga ramin suka haƙa tare. A aljihun Nababa akwai wani ɗan ƙulli na tsumma da yake yawo da shi tun daga Kaduna, irin gero ne na gayaunarsa. Malam ya sa masa a hannu.

Shago ya tambaya ko ramin ya yi zurfi. Malam ya ce ya kai ƙirjinsa, kuma ga tsawonsa ana gani. Ya tambaya ƙasar wace iri ce. Malam ya ce ja ce, mai laushi, ba tsakuwa, kuma akwai inuwar bishiyar kwakwa. Shago ya gyaɗa kai kamar wanda aka kwatanta wa gonar da zai saya.

"To ta yi," ya ce.

Malam ya ƙara da cewa ya taɓa zuwa nema. Abin da ya riƙe a ka shi ne Watari da gawo da sunan Shago. Da ya samu sarari ya zo, ya tarar da ruwa shimfiɗe inda aka ce garin yake, masunta suka ce mutanen sun watse. Ya koma. Shago ya ce da ya ɗaga kai ya dubi tudu da ya gan shi a sunkuye. Sannan ya sa Elizabet ta buɗe adaka. Malam ya kai hoton dab da idonsa, ya yi murmushi, ya ce wannan dokin na wani hafsa ne, aro Nababa ya yi don hoto, kuma ana gama ɗauka ya kayar da shi. Shago ya karɓe hotonsa ya ce ya isa haka, a rana ɗaya an raba shi da kura, ba za a raba shi da doki duka ba. Me zai gaya wa yara? Malam ya ce ya bar musu dokin, ai shi ma mai shi da ya samu zaɓi a kai zai tafi.

Bayan kaka aka yi makokin. Malam Muhammadu Sani ya dawo daga Zakirai, aka zaunar da shi kusa da Shago a matsayin ɗan'uwa. Fasto ya yi addu'a, liman ya zo da jama'arsa suka yi gaisuwa, wasu tsofaffin mata biyu da suka rage a kan al'adar da suka yi kukan da Inna Tabawa ta hana kanta. Takalman nan aka fito da su aka ajiye a kan tabarma, sun bushe sun lanƙwashe. Da hantsi Reuben da Levi suka hau suka sauke jinkar rumbun, aka kwashe geron duka aka yi tuwo da kunu, garin ya ci har da na ƙauyukan gefe. Wata tsohuwa ta ce wa Shago an gode. Ya buɗe baki zai yi tsawar da ya saba, sai ya tsaya, ya ce to, madalla.

Washegari ya kira 'ya'yansa gindin gawo, ya ja layi da sandarsa a tsakiyar gayaunar, ya ce wannan na wannan, wancan na wancan. Ya ce bai ɗora wa kowa komai ba, kowa ya shuka abin da ya ga dama, ya ci da iyalinsa, kuma in ya mutu kada wanda ya ce Baba ya ce. Ya maimaita wannan har sau biyu. Reuben ya tambaya rumbun fa, a rushe? Shago ya ce shi ba shi da rumbu a nan, mai shi ya kwanta.

Rumbun ya yi rani a buɗe, kaji na hawa. Wajen bazara aka wayi gari an yi masa sabuwar jinka. Reuben ya ce bai san zancen ba, Levi ma haka, ko da yake an ga tsinken shuci, ciyawar jinka, a hularsa. Shago ya wuce ta wurin ya kalli sama, ya kalli gabas, ya kalli ko'ina ban da rumbun, ya ce wa Elizabet shi dai kowa shaida ne bai sa kowa ba.

Maganar kura ta mutu, sai dai jikoki sun koyi kukan jaki, kuma suna gwada shi a bayan katanga in sun ga kakan ya zauna. Ya kan yi musu barazana da sanda ba tare da ya tashi ba.

Ruwan shuka ya sauka wata ranar Laraba kafin asuba, mai ƙarfi, irin wanda ke sa garin duka ya fito da sungumi tun gari bai gama wayewa ba. Shekara hamsin da ɗoriya, a irin wannan safiyar Shago ne mutum na farko a kan hanyar tudu, da ƙwaryar iri a hannu, kafin ya taɓa tasa gonar. Elizabet ta tashi ta ɗora kunu, ta ɗauko masa ƙwaryar don sabo, ta leƙa ɗaki. Yana kwance ya juya wa ƙofa baya, ya ja mayafi har kunne. Ta matsa da sauri ta taɓa shi.

Ya buɗe ido ɗaya. Ta ce an yi ruwa, mutane har sun fita.

"Na ji shi," in ji Shago. "Ruwa ne mai kyau. Ja mini ƙofar."

Hantsi ya yi sosai kafin ya fito, ya zauna ƙarƙashin darbejiya ya sha kununsa da sanyinsa, yana kallon 'ya'yansa can kan tudu suna shuka.